Keken Tura Yara Mai Kujera Biyu: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Saya

Gidan da aka haifi Hassan da Husaini, ko wanda aka samu ƙani tun wa bai ƙware da tafiya ba, yana da wata matsala da gidan ɗa guda bai san ta ba: mutum ɗaya ne zai fita da yara biyu. Baya ɗaya ne, majanyi kuma yaro guda yake riƙewa. A inda dangi ke zaune wuri ɗaya, kaka ko ƙanwar uwa ce ke karɓar ɗayan. Amma matasan ma'aurata da aiki ko karatu ya kai su Abuja, Legas, Landan ko Jidda sukan rasa wannan hannun na biyu, shi ya sa da yawansu ke neman keken tura yara mai kujera biyu.

Kekunan iri-iri ne, farashinsu ma haka. Sai dai abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a kan wanda ya dace da kowane gida: shekarun yaran biyu, da kuma hanyar da keken zai bi kullum, tun daga dokin ƙofa har zuwa but ɗin mota. Sunan kamfani da kyan launi a bayan waɗannan suke zuwa.

Daga ina keken ya samo asali?

Masana tarihi sukan danganta keken yara na farko ga William Kent, wani mai tsara gine-gine da lambuna a Ingila, wanda ya ƙera shi wajen shekarar 1733 domin 'ya'yan basaraken Devonshire. Akuya ko ƙaramin doki ne aka tanada ya ja shi. A 1889 William H. Richardson, baƙar fata ɗan Amurka, ya yi rajistar keken da ake iya juya gadonsa ya fuskanci mai turawa. A 1965 Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama a Ingila, ya fito da keken alminiyum mara nauyi mai naɗewa kamar laima, wanda shi ne uban mafi yawan kekunan da ake gani yau. A farkon shekarun 1980 kuma wani ɗan jarida a Amurka, Phil Baechler, ya haɗa keke mai manyan tayoyi uku domin ya riƙa gudun motsa jiki tare da ɗansa.

Wannan tarihin yana da amfani ga mai saye, domin ya nuna cewa an tsara keken ne don garuruwan da ke da shimfiɗaɗɗiyar hanyar masu tafiya a ƙafa. Duk wanda zai yi amfani da shi a wani wuri dabam, dole ya lissafa bambancin.

Su wa ke buƙatarsa?

Rukuni na farko iyayen tagwaye ne. Wani bincike da mujallar Human Reproduction ta wallafa a 2021 ya nuna cewa ana haifar tagwaye kusan sau miliyan 1.6 a duniya kowace shekara, wato yaro 1 cikin kowane 42 ɗan tagwaye ne. Afirka ce ke kan gaba, kuma garin Igbo-Ora da ke jihar Oyo ya yi suna a wannan fanni har yana bikin tagwaye duk shekara.

Rukuni na biyu su ne iyayen da tazarar 'ya'yansu ba ta wuce shekara biyu zuwa uku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, amma kwanika ba baƙon abu ba ne a gidaje. Ko da an bi shawarar ma, yaron da bai cika shekara uku ba yakan gaji a doguwar tafiya ya nemi a ɗauke shi.

Buƙatar rukunan biyu ba ɗaya ba ce. Tagwaye suna son kujeru biyu masu daraja ɗaya na tsawon shekaru. Wa da ƙani kuwa, mai yiwuwa shekara guda kacal za su yi tare a keken kafin babban ya daina zama.

Nau'o'in keken

*Mai kujeru gefe da gefe.* Yaran suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa yana ganin gaba, kuma kowace kujera tana kwantawa da kanta. Gajere ne, saboda haka juya shi da ɗaga tayoyin gabansa a kan tudu yana da sauƙi. Matsalarsa faɗi: mafi yawansu suna kai santimita 75 zuwa 80. Idan yaro ɗaya ya fi ɗayan nauyi sosai, keken yakan riƙa karkata wajen mai nauyin. Shi ne aka fi zaɓa wa tagwaye.

*Mai kujera gaba da baya.* Faɗinsa kamar na keken yaro ɗaya ne, yana shiga ƙuntatacciyar ƙofa da tsakanin kantocin shago. Tsawonsa ne ke wahalarwa. Nauyin yaron gaba yana nesa da mariƙi, don haka ɗaga gaban keken a bakin kwata yana buƙatar ƙarfi, shan kwana ma sai da fili. A yawancinsu kujera ɗaya ce kawai ke kwantawa sosai, na baya kuma ba ya ganin hanya kamar na gaba, abin da kan jawo rigima idan yaran sun fara wayo.

*Mai rikiɗewa daga ɗaya zuwa biyu.* Ana sayensa da kujera ɗaya, a ƙara ta biyu idan an samu ƙaruwa, a cire ta idan babban ya girma. Ya dace da ma'auratan da suke sa ran haihuwa kusa da kusa. Yana da tsada, kujera ta biyu da ƙarafunan maƙala ta dabam ake sayarwa, kuma sau da yawa ba ta ɗaukar nauyin da ta farko ke ɗauka.

*Mai zama da tsayuwa.* Jariri yana kujerar gaba, babban yaro kuma yana da ɗan benci da faranti a baya, ya zauna ko ya tsaya yadda ya so. Kamfanoni sukan ce sai yaro ya kai kimanin shekara biyu da rabi kafin ya hau farantin. Bai dace da tagwaye ba, kuma babban ba zai iya barci a kai ba.

*Na gudun motsa jiki.* Tayoyinsa uku ne manya masu iska, kamar na keken hawa. Shi ya fi kowanne jure gargada da yashi, shi ne kuma ya fi cin wuri bayan an naɗe. Ba a gudu da jaririn da wuyansa bai tsaya ba. Kamfanoni da likitocin yara sukan ce a jira wata 6 zuwa 8, wasu ma fiye.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar keke mai kujera biyu ko kaɗan: a goya jaririn, a tura babban a keke mai kujera ɗaya, daga baya a maƙala wa keken faranti mai taya da babban zai riƙa tsayawa a kai. Ga gidan da tazarar yaransa ta kai shekara biyu da rabi, wannan kan fi sauƙin kuɗi da sauƙin ajiya.

Shekarun yaran da nauyinsu

Jaririn da bai kai kimanin wata 6 ba ba ya iya riƙe kansa. Idan aka zaunar da shi a jingine, kan yakan faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta ƙuntata. Saboda haka yana buƙatar kujerar da ke kwantawa shimfiɗe, ko ƙaramin gado da ake ɗorawa a kan keken. Batun ya fi tsanani ga tagwaye, domin alƙaluman Birtaniya da Amurka sun nuna cewa fiye da rabinsu kafin mako 37 ake haifarsu. Ga bakwaini, likita yakan lissafa watanni daga ranar da aka sa ran haihuwa. Iyayen tagwaye su tabbatar da cewa kujerun biyu duka suna kwantawa, su gwada da hannunsu a shago.

Wasu kekunan suna karɓar kujerar jariri ta mota, a cire ta daga mota a maƙala a kan keken. Tana sauƙaƙa fita asibiti, amma ba wurin dogon barci ba ce. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar cewa jaririn da barci ya ɗauke a kujerar mota ko a keke, a mayar da shi shimfiɗa mai ƙarfi da zarar an samu dama.

A ɗaya gefen kuma akwai iyakar nauyi. Ƙa'idar Turai ta raba kekuna kashi biyu: masu ɗaukar yaro har kilo 15, da masu kai wa kilo 22. Yaro yakan kai kilo 15 wajen shekara uku zuwa huɗu. A duba ko adadin da aka rubuta na kowace kujera ne ko na biyun a haɗe. A keke mai gaba da baya, takardar kamfani tana faɗar kujerar da babban yaro zai zauna, kuma saɓa wannan kan sa keken ya kife.

A auna kafin a biya

Tef ɗin awo na tela ya isa wannan aikin. Wurare huɗu ne za a auna: ƙofar shiga gida, ƙofar na'urar hawa bene idan akwai, but ɗin mota, da kusurwar da keken zai kwana.

Abin da ake aunawa a ƙofa shi ne sararin da ke akwai bayan an buɗe ta, domin kaurin ƙyauren kansa yana cin wani abu. A Amurka dokar kare masu buƙata ta musamman ta 1990 ce ta sa ƙofofin wuraren jama'a suke da sararin aƙalla santimita 81, kuma da wannan ma'aunin kamfanoni ke tallata cewa kekensu yana shiga kowace ƙofa. Gidan da aka gina ba da wannan doka ba bai yi wa kowa wannan alkawarin ba. A gidan da ake shiga ta zaure mai lanƙwasa, tsawon keken ma abin lissafi ne, haka nan tudun dokin ƙofa.

Mafi yawan kekuna masu kujera biyu suna da nauyin kilo 11 zuwa 17 ba tare da yara ba. Da yara biyu da jakar kaya, abin turawar yana iya haura kilo 40. Wanda ke zaune a bene mara na'ura zai riƙa hawa da sauka da wannan ƙarfen kullum, bayan ya yi jigilar yaran. Wanda kuma Adaidaita Sahu ko tasi ce abin hawansa, girman keken a naɗe ya fi masa komai muhimmanci. Matafiya ta jirgin sama su tambayi kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya. American Airlines, alal misali, ya taɓa kafa dokar hana kai keken da ya wuce kilo 9 bakin ƙofar jirgi, sai dai a miƙa shi tare da manyan kaya.

Taya da hanya

Ƙananan tayoyin roba mai tauri sun dace da daɓen manyan kantuna, filin jirgi da farfajiyar asibiti. A kan yashi nutsewa suke yi, a kan tsakuwa kuma girgizar tana kai wa jikin yaro. Manyan tayoyi masu iska sun fi laushin tafiya, amma ƙaya da ƙusa suna huda su, sai an nemi mai faci. Akwai na tsakiya, waɗanda aka cika cikinsu da soso mai tauri: ba sa sacewa, ko da yake ba su kai masu iska laushi ba. Tayar gaba mai juyawa tana sauƙaƙa shan kwana, amma a gargada sai an kulle ta ta miƙe, don haka a nemi keken da ke da wannan makullin. Ƙurar hunturu tana shiga cikin gindin tayoyi da mahaɗun naɗewa, sai an riƙa gogewa ana sa ɗan mai.

Ƙa'idojin kariya da kekunan da aka janye

Wani bincike da mujallar Academic Pediatrics ta buga a 2016 ya gano cewa daga 1990 zuwa 2010 an kai yara kusan 361,000 'yan shekara biyar zuwa ƙasa sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin da ya shafi keken turawa ko abin ɗaukar jarirai. Faɗowa ce ta fi yawa, sai kifewar keken.

Ƙa'idoji biyu ne suka fi shahara. Ta Turai ita ce EN 1888. Ta Amurka ita ce ASTM F833, wadda hukumar kare lafiyar masu amfani da kayayyaki ta ƙasar, CPSC, ta mayar da ita wajibi daga Satumban 2015. Keken kirki yana ɗauke da ɗaya daga cikin lambobin nan a jikinsa, tare da sunan kamfani, lambar samfuri da ranar ƙerawa.

Tarihin kekunan da aka janye daga kasuwa yana nuna wuraren da ya kamata ido ya tsaya. A Nuwamban 2009 kamfanin Maclaren ya janye kekuna kusan miliyan 1 a Amurka, masu kujera ɗaya da masu biyu, bayan mahaɗar naɗewa ta datse kan yatsun yara 12. A Oktoban 2010 Graco ya janye kusan miliyan 2 bayan mutuwar jarirai huɗu. Jaririn da ba a ɗaure ba yakan zame ƙasa, jiki ya wuce ta ƙarƙashin farantin gaba, kai ya maƙale. A Nuwamban 2022 Mockingbird ya janye kusan 149,000 na kekensa mai rikiɗewa daga ɗaya zuwa biyu saboda ƙarfen jikinsa yana tsagewa. A Fabrairun 2023 CPSC da kamfanin Baby Trend sun yi gargaɗi a kan wasu kekuna masu zama da tsayuwa, bayan wuyan wani yaro ɗan wata 14 ya maƙale a jikin ƙarfen rumfar gaba ya rasu.

Daga waɗannan aka samu dokokin amfani na yau da kullum. A ɗaure kowane yaro da bel mai maɗauri biyar, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi, ko da tafiyar ta minti biyu ce. A nisanta yara yayin buɗe keken da naɗe shi. A taka birki duk lokacin da aka saki mariƙi. Kada a rataya jaka mai nauyi a mariƙi, domin tana jan keken ya faɗi ta baya, musamman idan yaron gaba ya sauka. Kwandon ƙasa ne wurin kaya. Kada a bar babban yaro ya mayar da keken abin wasa ko ya riƙa tura ƙaninsa ba tare da babba ba.

Sabo ko na hannu?

A Amurka ana samun irin wannan keken daga dala ɗari da 'yan kai zuwa sama da dala 1,000. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kayan waje sun ƙara tsada a Najeriya. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, keken dala 300 ya kama naira 450,000 tun kafin kuɗin dako da na kwastan, wato ya zarce albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ba abin mamaki ba ne iyaye su karkata ga gwanjo.

Na hannu mai inganci yana iya fin sabo mara asali ƙarko. Haɗarinsa shi ne, janye kaya a Amurka ko Turai ba ya bin keken zuwa duk inda aka yi safararsa, kuma mai sayarwa a kasuwa da wuya ya san tarihinsa. Mai saye zai iya rubuta lambar samfurin a shafin intanet na CPSC ko na kamfanin ya ga ko an taɓa janye shi, aikin da ba ya wuce 'yan mintuna a waya. Keken da aka kankare takardar jikinsa, ko wanda aka yi wa walda, ko wanda aka musanya bel ɗinsa da igiya, barinsa ya fi, domin araha ba ta ado.

A Najeriya, hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ce ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su ta tsarin SONCAP, yayin da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ke karɓar ƙorafi a kan kaya masu lahani. Ƙorafi yana buƙatar shaida, don haka a karɓi rasit a adana.

Zafi da sauro

Al'adar lulluɓe keke da zani domin kare jariri daga rana tana da haɗari. Masu bincike a Jami'ar Sydney ta Ostareliya sun nuna a 2023 cewa rufe keke da busasshen mayafi yana iya ɗaga zafin cikinsa da kusan digiri 4, domin iska ta daina wucewa. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ƙari ne da jikin jariri ba ya ɗauka da sauƙi. Abin nema shi ne rumfa dabam ga kowace kujera, mai tagar raga da iska ke ratsawa. Domin fitar yamma kuma, ana samun gidan sauro da aka ɗinka daidai da keke mai kujera biyu.

Titi ma yana cikin lissafi

Keken da ya cika duk sharuɗɗan nan ba zai yi amfani ba idan babu inda za a tura shi. A unguwanni da dama, gefen titi buɗaɗɗiyar kwata ce, ko wurin ajiye mota, ko rumfar mai kaya, sai mai keke ya sauko cikin ababen hawa, inda yara ke zaune daidai tsayin bututun hayaƙi. Gyaran wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar da keken guragu zai bi. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Gangaren da aka yi domin keken guragu shi ne dai wanda keken yara ke hawa, saboda haka iyayen ƙananan yara suna da rabo a cikin aiwatar da wannan doka, kuma suna da hujjar tambayar asibitoci, bankuna da ma'aikatu dalilin da ya sa har yanzu matakala kaɗai ce a ƙofarsu.

Inda aka samar da hanyar ma, akan yi takaddama a kan wanda ya fi cancanta da ita. A Janairun 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Doug Paulley, wanda ya kasa shiga motar bas da kekensa na guragu domin wata mai keken jariri ta ƙi matsawa daga gurbin da aka keɓe. Kotun ta ce bai isa direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba. Iyalan da ke zaune a can su sani cewa ana iya neman su naɗe kekensu a cikin bas, abin da ke ƙara wa mai saurin naɗewa daraja.

Gwajin ƙarshe a shago

Keken da babu kowa a ciki kullum yana da daɗin turawa. Mai saye ya zo da yaran, ko ya ɗora kaya masu nauyinsu a kujerun biyu, ya tura da hannu ɗaya, ya sha kwana, ya danna mariƙi ya ga ko tayoyin gaba suna ɗagawa. Ya taka birki ya tura da ƙarfi ya ga ko keken zai motsa. Ya cire nauyin kujera ɗaya ya ga ko zai tsaya daram. Wanda zai fi amfani da keken, uwa ce ko mai raino, shi ya kamata ya naɗe shi ya ɗaga shi zuwa tsayin but ɗin mota ba tare da taimako ba. A tambayi mai shago ko ana samun taya da bel na canji, kuma a kwatanta faɗin keken da lambobin da aka auno daga gida kafin a miƙa kuɗi.